Fim mai dogon zango ya ishe mu

Duk wanda ya zauna a majalisar Hausawa a Agege ko Idi-Araba da ke Legas bayan sallar isha'i zai ga matasa sun duƙufa a kan wayoyinsu suna kallon fina-finai masu dogon zango, waɗanda ake jan labarin da bai wuce na awa biyu ba har ya cinye shekara guda. Ana ɓata minti goma ana nuna mota tana shiga gida, mai gadi yana rufe ƙofa, sannan a sako tallar maganin gargajiya a tsakiyar rigimar mata da miji.

Dattawan da suka yi kallo a Pen Cinema, wadda yanzu sunanta kawai ya rage a unguwar Agege, sun saba da fim mai farko da ƙarshe. A wancan zamani kowane ɗauka kuɗi ne, domin faifan fim yana da tsada, saboda haka dole darakta ya yi tunani kafin ya kunna kyamara. Yau kuwa yawan masu kallo a YouTube ne ke kawo kuɗi, shi ya sa ake yanka labari gunduwa-gunduwa, ga sauti marar kyau wanda ƙarar janareta take danne muryar ɗan wasa, mu kuma datarmu tana ƙonewa.