Akuyar da ta iya wanke-wanke

A shekarun da muka zauna a Omdurman ta ƙasar Sudan, kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya watsa mu, ina koyarwa a wata makaranta, gidanmu kuma ya haɗa ni da uwargida da yara da surukata. Maƙwabciyarmu Hajiya Bahaushiya ce 'yar Maiurno, garin nan na kusa da Sinnar wanda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Ita ce ta koya wa uwargida yin kisra, gurasar dawa mai sirantaka da ake shimfiɗawa a kan faifan ƙarfe mai zafi, wadda gidan Basudane ba ya rabuwa da ita.

Ranar Alhamis kafin Ista, Fasto ya yi wa'azi daga Yohanna sura 13, inda Yesu ya ɗaura tawul, ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafun almajiransa. Ya ce ba da tsawon addu'a ake gane wanda ya girma cikin bangaskiya ba, a tambayi mutanen gidansa. Na lura uwargida ta ce "Amin" da ƙarfin da bai dace da wurin ba, saboda haka na ƙudura cewa daren nan za a ga hidima.

Muna isa gida na ɗebo ruwa a roba, na durƙusa gaban surukata, na ce, "Mama, ki miƙo ƙafa." Tsohuwar da ko abinci ba ta ci a gabana saboda kunya ta janye ƙafafunta cikin zane, ta dubi 'yarta ido ya cika da ƙwalla, ta ce, "Ku gaya mini gaskiya, me likita ya ce muku?" Da ƙyar aka shawo kanta cewa lafiyarta ƙalau.

Ban karaya ba, domin na tuna da Matiyu sura 6, cewa kada hannun hagu ya san abin da na dama yake yi. Da kowa ya yi barci, an kuma ɗauke wuta kamar kullum, na shiga kicin da fitilar waya, na share, na wanke tukwane. A can lungu na tarar da wani bokiti a rufe, ina buɗewa tsami ya doki hancina, ga kumfa tana tasowa a hankali tana fashewa. Na girgiza kai don tausayin matar da aiki ya yi wa yawa har abinci yake lalacewa ba ta sani ba, na tuttular da shi a kwata, na dirje bokitin da sabulu, na kife shi ya sha iska. Na kwanta zuciyata fari ƙal.

Salatin uwargida ne ya tashe ni. Ashe kullun kisra ne, wanda ake jiƙa garin dawa a zuba masa ragowar tsohon kullu ya kwana ya yi tsami, kuma irin tsamin nan daga hannun Hajiya ya fito, ana ta jan sa tun zuwanmu unguwar. Ga shi Juma'a ce, ranar hutu a Sudan, baƙi daga coci suna tafe bayan sujada. Ni dai na tsaya a kan Matiyu sura 6, ban ce uffan ba. Da autanmu ya ce wataƙila akuyar Hajiya ce, abin da na faɗa kawai shi ne akuyoyin Omdurman ba su da tarbiyya, kuma har yau ina nan a kan cewa wannan magana gaskiya ce.

Aka kira Hajiya. Ta dubi kwata, ta ɗaga bokitin ta sansana, ta dubi tukwanen da suke ƙyalli, sannan ta dube ni.

"Malam, akuyata tana cin kwali, tana cin leda, amma tun da na saye ta ban taɓa ganin ta da sabulu ba."

Uwargida ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi faɗa ban tsoro. Ta ce, "Maigida, tunda hidima kake nema, randunan ƙofar gida da masu wucewa suke shan ruwa a ciki sun bushe, Mama tana da ganin likita ranar Litinin, aikin gidan yara kuma yana jiranka tun farkon zango." Babu ko ɗaya a ciki da ake yi da tawul a ɗaure, kuma dukansu kullum ake maimaita su, amma na karɓa, bayan na tari raksha, wato keke mai ƙafa uku, na sayo burodi da wake ful da baƙi za su ci.

Da yamma Hajiya ta leƙo ta katanga da kwanon sabon tsami, ta miƙa wa uwargida, ta ce, "Ki ajiye a inda akuyar ba za ta kai ba, ko da yake na ga doguwa ce."