Ɗalibinmu yana da buri, rubuta shi ne ba a koya masa ba

A nan Ingila, yaro ɗan shekara 17 da ke neman jami'a sai ya zauna ya rubuta dalilin da ya sa ya zaɓi abin da zai karanta. Hukumar UCAS ce ke karɓar takardun neman gurbi, kuma haruffa 4,000 kacal ta ba shi, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Daga masu shiga a 2026 an kasa rubutun gida uku: me ya sa kake son wannan kwas, yaya karatunka ya shirya ka, sannan me ka yi a wajen aji da zai amfane ka. Kowace amsa ba za ta gaza haruffa 350 ba. A Amurka ma akwai irinsa, dandalin neman gurbin jami'a na Common App na karɓar rubutun da bai wuce kalmomi 650 ba.

A Najeriya kuwa maki ne ke magana. Darussa huɗu a jarrabawar JAMB, jimillar maki 400, sai kiredit biyar a WAEC ko NECO. Ba na raina wannan tsari, domin maki ba ya duba wanda ya iya tsara zance, kuma ɗan talaka ba ya buƙatar wanda zai gyara masa rubutu kafin ya ci. Amma akwai abin da muke rasawa. Yaro zai iya gama digiri ba a taɓa sa shi ya rubuta shafi ɗaya kan inda ya dosa ba. Ranar da zai nemi tallafin karatu irin Chevening na gwamnatin Birtaniya, inda za a tambaye shi tsarin aikinsa na gaba kuma a sharɗanta masa komawa gida na shekara biyu, ranar ce karon farko da zai fuskanci tambayar. Shi ya sa nake ganin kowane ɗalibi, tun daga aji huɗu na sakandare, ya kamata ya mallaki irin wannan takarda, ko da babu hukumar da ta nema.

Shafi ɗaya ya isa. A sama sai manufa, jimla guda da ba ta wuce kalmomi 25 ba, mai ɗauke da abu uku: aikin da za ka yi, waɗanda za ka yi wa, da matsalar da za ka rage musu. A nan yawancin ɗalibai ke faɗuwa. "Ina so in taimaki al'ummata" magana ce mai kyau, sai dai likita da lauya da direba duk za su iya sa hannu a ƙarƙashinta, don haka ba ta nuna wa kowa hanya. Kwatanta ta da wannan: "Ina so in zama ungozoma mai aiki a ƙauyuka, don rage matan da ke rasa rai wajen haihuwa." Wannan jimla ta riga ta faɗa maka darussan da za ka dage a kansu da makarantar da za ka nema.

Sai ɗabi'un da ka tsaya a kansu. Uku sun wadatar, wanda ya jera goma bai zaɓi komai ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a gaban kowace ɗabi'a ka rubuta abin da za ta ci maka. Idan ka ce gaskiya, to rubuta cewa ba za ka yi satar amsa ba ko da hakan zai sa ka maimaita darasi. Idan ka ce riƙon amana, rubuta cewa aikin rukuni da aka ba ka kaso za ka miƙa shi ranar da aka yanka. Ɗabi'ar da ba a faɗi kuɗinta ba, ranar da aka zo biya sai a neme ta a rasa.

Buri shi ne ɓangaren da ya fi buƙatar lissafi, kuma daga ƙarshe ake farawa a dawo baya. Ɗauki mai son zama likita a Najeriya. Karatun shekara shida ne, sai shekara ɗaya ta horo a asibiti, sai shekara ɗaya ta hidimar ƙasa, wato takwas ke nan idan yajin aiki bai gifta ba. Kafin nan sai ya ci Turanci, Biology, Chemistry da Physics a JAMB da maki mai yawa. To sai ya tambayi kansa: wa zai ɗauki nauyin shekaru takwas ɗin? A wane darasi nake da rauni, kuma awa nawa zan ba shi a mako? Idan gurbin bai samu ba, wane kwas ne na biyu da zai kai ni ga manufa ɗaya? Ko a nan Ingila, daga cikin zaɓi biyar da UCAS ke bayarwa, huɗu kawai aka yarda a sa likitanci, na biyar sai dai a nemi wani fanni. Rubuta "in sha Allah" a gaban kowane mataki daidai ne, kuma ba ya hana a sa kwanan wata.

Akwai abin da ba na so mu kwaso daga nan. Rubutun yaran Ingila yakan cika da "ni ne", kowa jagora, kowa ya gano baiwarsa tun yana ƙarami. Mu an tarbiyyantar da mu cewa yabon kai jahilci ne, kuma ina tare da wannan tarbiyya. Matsalar ita ce kunya takan sa ɗalibinmu ya ɓoye har aikin da ya yi da hannunsa. Mafita ita ce a bar siffanta kai, a faɗi aiki da adadinsa. Kar ka ce kai mai hazaƙa ne. Ka ce ka koyar da yara 12 lissafi kowace Asabar na tsawon wata shida. Babu fariya a ciki, kuma mai karatu zai yanke hukunci da kansa.

Kwafe ma yana kashe takardar. UCAS na da manhajar da ke gano rubutun da ya yi kama da na wani, amma ko babu manhaja, burin aro ba ya tayar da mutum karatun asuba. Haka burin da iyaye suka zaɓa yaro ya rubuta don gudun ɓacin ransu. Gara a kai musu takardar tun da wuri a tattauna, a lokacin da canza darussa bai zama asarar shekara ba.

A duba shafin sau biyu a shekara, bayan fitowar sakamako. Manufa ba ta cika canzawa ba, matakai ne ke motsi. A sa kwanan wata a kan kowane gyara, tsohon shafin kuma a ajiye shi tare da sabon.