Kafin ka shafe bango da filasta, duba wayar da ka binne

Jama'a, musamman masu gini a Gombe da Bauchi, yau maganar waya zan yi. Ba ta aljihu ba, wayar wuta da ake binnewa a bango.

Mutum zai je ya zaɓi tayil da kansa, ya yi ta jayayya da mai fenti a kan launi, ya zuba kuɗi a POP da fitilun ado, amma da an zo kan wayarin sai ka ji ya ce wa mai aiki, "Malam, a samo mai sauƙi-sauƙi, ai ba ganinta za a yi ba." Ranar da aka yi gobara kuwa, Allah ya kiyaye, sai a ce NEPA ce ta kawo wuta da ƙarfi. Hakan yana faruwa: in wayar nutural ta tsinke a layin taransifoma, gidan da ya kamata ya samu bolt 230 yana iya samun abin da ya doshi 400, kaya su ƙone. Amma a ganina mun mayar da wannan magana mafaka. Akwai gidaje da yawa da tun ranar da aka ja musu waya aka ɗana musu tarko, kamfanin JED mai raba mana wuta bai ma san da zamansu ba.

Waya tana ɗumama ne gwargwadon wutar da ke bi ta cikinta, kuma ba a hankali zafin yake hawa ba. In ka ninka lodi sau 2, zafi ya ninka sau 4. Robar da ke jikin wayar gida an yi ta ne ta jure digiri 70. In tana wuce haka kullum sai ta bushe, ta yi tauri, ta tsage, wata rana ja da baƙa su haɗu.

Lambobin da kake ji a shago, 1.5 da 2.5 da 4 da 6, kaurin jan ƙarfen ciki suke nufi, wato faɗin fuskarsa in an yanke shi, a sukwaya milimita, ban da robar. Fitilu da fanka 1.5. Soket 2.5. Esi da hitar banɗaki 4, kowanne a ja masa layinsa tun daga allon bireka. Kukar girki ta lantarki 6. Wadda za ta taso daga mita zuwa allo 10 ko 16, ya danganta da girman gida. Wayar 2.5 ta gaskiya a cikin fayif tana ɗaukar kamar amp 24 (amp shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), ta 1.5 kuma 17 da rabi.

To ga inda mu 'yan wannan yanki ya kamata mu ƙara lura. Waɗancan lambobi an auna su ne a yanayin zafi na digiri 30. Mu kuwa a watan Maris da Afrilu zafin inuwa ma yana taɓa 40, balle cikin silin a ƙarƙashin kwano da ƙarfe 2 na rana. A digiri 40 wayar 2.5 ta dawo amp 21. A digiri 50 ta dawo 17. Yanzu lissafa: butar lantarki mai wat 2000 tana jan kusan amp 9, hitar da ake tsomawa a bokiti mai wat 1500 tana jan 6 da rabi, dutsen guga mai wat 1200 yana jan 5. An kawo wuta bayan kwana biyu babu, uwargida ta jona buta, yara sun jona hita, maigida yana goge kayan Juma'a, duk a layi ɗaya. Amp 20 ke nan da ɗoriya. Wayar kirki ma ta ji jiki, ina ga wadda aka rubuta mata 2.5 alhali cikinta bai wuce 1.5 ba? Shi ya sa nake cewa soket ɗin kicin a raba shi da na ɗakuna, ko da gidan ɗaki biyu ne da falo.

Jabun waya iri biyu ce a kasuwa. Akwai wadda aka rage wa jan ƙarfe aka ƙara wa roba don ta yi kauri a ido. Akwai kuma alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Alminiyom yana ɗaukar kamar kashi 60 cikin 100 ne na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa zai ɗauka, yana saurin karyewa in an lanƙwasa, kuma yana sakin jiki a ƙarƙashin sukurun soket bayan wani lokaci. Gane su ba wuya. Ka ce a yanko maka ɗan guntu kamar tsawon yatsa, ka feɗe robar, ka kankare ƙarfen da wuƙa. In ja ne har ciki, madalla. In fari ya leƙo kamar cikin tukunyar dalma, ajiye musu kayansu. In mai silli-silli ce, kunna mata ashana ko laita: jan ƙarfe zai yi baƙi kawai ya tsaya a miƙe, alminiyom kuwa zai lanƙwashe ya zube, domin shi yana narkewa a digiri 660, jan ƙarfe sai ya haura 1000. Sannan ka ɗora kwayil ɗin a sikeli. Mita 100 na 2.5 akwai jan ƙarfe kilo 2 da kwata a ciki, da roba duka wajen kilo 3. Na 1.5 wajen kilo 2. In mai aikinka yana da abin auna kauri, ƙarfen 2.5 mai silli ɗaya milimita 1.78 ne, na 1.5 kuma 1.38. Ka duba tambarin hukumar SON mai kula da ingancin kaya da sunan kamfani a jikin wayar kanta, ba a ledar kaɗai ba, domin har kamfanonin gida da suka yi suna irin su Coleman da Cutix da Nigerchin ana kwaikwayon ledarsu. Ka karɓi rasit. Kuma in farashin wani shago ya faɗi ƙasa da na kowa nesa ba kusa ba, araha dai ba ta ado.

Bireka kuma mutane sun ɗauka kaya take karewa. Waya take karewa. Aikinta ta yanke wuta kafin wayar ta gasu, saboda haka dole ta yi daidai da kaurin wayar: amp 10 a kan 1.5, amp 20 a kan 2.5, amp 25 a kan 4, amp 32 a kan 6. Abin haushi, bireka tana ta faɗuwa, maimakon a nemi dalili sai a kira yaro ya cire ta 20 ya sa ta 63, a ce an gyara. An dai rufe mata baki ne. Haka masu cire fis ɗin kat-awut su naɗa masa waya mai kauri don kada ya ƙara tsinkewa.

Sai haɗi. Wuta ba kasafai take tashi daga tsakiyar waya lafiyayya ba, daga mahaɗa take tashi. An murɗe wayoyi biyu da hannu, an naɗe da salatif, an jefa cikin silin kusa da katako da shekar ɓera. Zafi da sanyi suna sa haɗin ya saki, in ya saki ya fara tartsatsi, salatif ya narke. Kowane haɗi a yi shi cikin akwati mai murfi, da kwanekta mai sukuru, a inda hannu zai iya kaiwa. A ja waya cikin fayif, kada a cusa har ya toshe, domin in ta lalace a zare a zura wata ba tare da an fasa bango ba. Alamun soket mai shirin ci da wuta kuwa a fili suke: bakin ramin ya yi ruwan kasa-kasa, filogi yana zafi in ka zare, kana jin ƙauri irin na ƙonannen roba, wani lokaci har da ɗan ƙara "tsss" in dare ya yi shiru. Kashe layin daga allo, a buɗe a duba a ranar.

Wayar ƙasa, wato koriya ko koriya mai ratsin rawaya, ita ce aka fi yi wa rowa. Za ka buɗe soket mai ido uku ka tarar idon sama babu komai a bayansa. Ita ce ke kwashe wuta in ta zubo a jikin firji ko hita ko injin jan ruwa. A kafa sanda mai rufin jan ƙarfe, ƙafa 4 mafi ƙaranci, ta fi haka ma ya fi, a wuri mai danshi, domin ƙasarmu tana bushewa ƙamas da rani. Gawayi da gishirin da ake zubawa suna taimakawa, sai dai gishiri yana cin sandar, sai a riƙa dubawa. A ƙara da birekar nan mai gane yoyon wuta ta miliamp 30. Tana da maɓallin gwaji a jikinta, a riƙa dannawa lokaci-lokaci a ga ta faɗi.

Masu janareta, don Allah a daina jona shi ta soket da waya mai kai biyu. A sa cenjoba, wato makunnin da ke raba layin NEPA da na janareta. In ba haka ba wutarka tana komawa kan layi ta kama ma'aikacin da ke kan fol yana zaton babu wuta, ko a kawo NEPA ta haɗu da injinka. Masu sola kuma ku tuna cewa ƙarancin bolt yawan amp ne: inbata mai wat 1000 a kan batir mai bolt 12 tana jan fiye da amp 80. Wannan aikin waya 25 ce, gajera, da fis kusa da batir. Na san da yawa da 4 ko 6 aka haɗa musu.

Game da mai aiki, hukumar NEMSA mai duba ingancin aikin lantarki tana ba masu wayarin takardar shaida, ba laifi ba ne ka ce a nuna maka. Ka sa ya rubuta maka layi nawa zai ja, wace waya da wace bireka a kowanne, ka sayo kayan da kanka ko ku tafi tare. Kafin magini ya shafe bango, ɗauki hoton duk inda fayif ya bi, saboda ranar da za a buga ƙusar labule. In kuma wuta ta kama daga soket ko allo, kada a watsa ruwa sai an kashe daga mita ko an zare kat-awut. Kafin nan, yashi ko busasshiyar ƙasa.