Ki bar shi ya ɓalla maɓallinshi da kanshi

Assalamu alaikum iyaye 'yan uwana. Nasihar yau ni ta fara kamawa kafin ta iso gare ku.

Ranar Asabar da ta wuce a islamiyyar da nake koyarwa nan cikin garin Katsina, wani yaro ɗan aji ɗaya da bai wuce shekara 6 ba ya ce Malama zan yi fitsari, na ce je ka, shiru shiru bai dawo ba, da na bi sawu sai na iske shi tsaye bakin bayi ga buta a gabanshi yana ta kokawa da tazugen wando, hawaye shaɓe-shaɓe, wandon ya riga ya jiƙe. Ashe mamarshi ce ta ƙulle mashi tamau, irin ƙullin nan da ko babba sai ya sa farce, ita dai kar wando ya zame a hanya. Yaron bai taɓa ɗaure wandonshi ba balle ya san kwancewa. Har yanzu ina ganin yadda ya riƙa jan rigarshi ƙasa kar 'yan ajinsu su gani, kuma ranar ba da shi aka yi jam'in la'asar ba.

Ni ban ga laifin uwar sosai ba dan ni ma haka nake. Da safe mai napep na ta hon a ƙofar gida, koko bai huce ba, safa ɗaya ta ɓata, sai ki fizgo yaro ki zura mashi yunifom kamar ana ɗura gero a buhu, in ya kai hannu zai taɓa maɓalli ki buge hannun, kai tsaya mana ka ɓata mani lokaci. Gobe kuma mu ne masu cewa ƙato da kai ba ka iya sa riga ba. To wa ya koya mashi?

Mu tuna Manzon Allah (SAW) ya ce mu umarci 'ya'yanmu da sallah suna da shekara 7, hadisin na cikin Abu Dawud. Sallah kuwa ba ta yiwuwa sai da tsarki da suturta al'aura, shi ya sa karatun fiƙihu da muka yi a zaure da babin tsarki yake farawa. Yaron da bai iya kwance wandonshi ya yi tsarki ya mayar ya ɗaure ba, ta ina za ki fara ce mashi tashi ka yi sallah? Tufafin ma Allah da kanshi ya ambace su cikin ni'imominshi a Suratul A'araf aya ta 26, cewa ya saukar ma 'yan Adam tufa mai rufe tsiraici da kuma ado, sannan tufar taƙawa ita ce mafi alheri.

Kuma dan Allah ki duba yawan sunnar da ke cikin 'yan mintocin nan da muke yi ma gaggawa. Nana Aisha (RA) ta ce Annabi (SAW) na son farawa da dama wajen sa takalmi da taje kai da tsarki da duk al'amuranshi. Abu Huraira (RA) ya ruwaito cewa in za a sa takalmi a fara da dama, in za a cire a fara da hagu. Ga addu'a, Alhamdu lillahil lazi kasani haza wa razaƙanihi min gairi haulin minni wa la ƙuwwah. In ke kika sa mashi cikin sauri ba ya jin ko ɗaya, amma in shi ke sawa kina gefe kina cewa wane hannu ne na dama, nan yake ɗauka har ya tsufa da ita.

Ba wai na ce haramun ne ki sa ma ɗanki kaya ba fa. Akwai labarin Ummu Khalid a Bukhari da nake so ƙwarai, ƙaramar yarinya ce da aka haifa a Habasha lokacin hijira, aka kawo ma Annabi (SAW) tufafi a ciki akwai wata 'yar ƙarama baƙa mai ado, ya ce wa kuke ganin za mu sa ma wannan, aka yi shiru, ya ce ku kawo mani Ummu Khalid, aka ɗauko ta, ya sa mata da hannunshi mai albarka, ya yi mata addu'ar ta daɗe tana kashe tufafi, yana nuna adon yana cewa sanah, wato kyakkyawa da harshen Habasha da ta taso da shi. Shugaban halitta kenan da 'yar yarinya da riga. Mu kuwa lokacin sa kaya a gidajenmu ya koma lokacin tsawa da ranƙwashi, Allah ya yafe mana.

Abin da na gani ya yi aiki, a fara da cirewa dan ta fi sauƙi, ɗan shekara 2 na iya cire silifas da hula. Wajen shekara 3 wando mai roba da riga mai faɗin wuya. Maɓalli a fara da manya, ki shimfiɗa rigar a cinyarshi ya gwada kafin a jikinshi, ki tura mashi rabin maɓallin cikin kafa shi ya jawo sauran, kuma ya fara daga na ƙasa ya hau sama dan kar ya karkace. Zif ɗin rigar sanyi ki haɗa mashi bakin shi ya ja, na wando kuma kar namiji ya ja ba gajeren wando a ciki, yana kama fata. Tazuge ki koya mashi zarge mai kwancewa da ja ɗaya. 'Ya mace ta san gaba da bayan hijabinta, ta koyi ɗaura zani da kallabi. Duk wannan ba da safiyar Litinin ba, ki nemi yammacin Alhamis da ba islamiyya. Iyaye maza ku ma ba ku tsira ba, ranar Juma'a kana sa kaftaninka ka tsayar da yaro gefenka ya kwaikwaya. Telolinmu kuma ku riƙa buɗa kafar maɓallin yara, wata ko ni sai na ciji leɓe.

Jiya autana ya fito daga ɗaki ya ɓalla rigarshi gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, hannuna har ya tafi zai gyara na maido shi, na ce da wane hannu ka fara, ya ɗaga dama yana washe baki. Kakarshi ta hango shi daga kan tabarma ta ce wannan wace irin shiga ce haka, za ki bar shi ya fita ƙofar gida a ce ba shi da uwa? Na ce Inna a bar shi, shi ya sa da kanshi. Ta yi tsaki ta ce to zo nan mijin, ta nuna mashi maɓallin ƙasan da ya tsallake, ya zauna gabanta ya ɓalle su duka ya sake daga farko.