Ƙannena, ba kowace magana ce "wasa nake" ke gogewa ba

Daren Asabar ina zaune wajen mai shayi a unguwar Jekadafari, nan cikin Gombe, sai ga samari biyu sun fito daga gidan kallon ƙwallo suna musu. Ɗaya ya ce wa ɗayan, "Kai shegen kaya, ka iya baki!" Aka yi dariya. Can da musu ya yi zafi, sai ɗaya ya ware yatsu biyar ya watsa wa ɗayan, ya haɗa da "uwarka". Kafin mai shayi ya ajiye buta, an ci kwala. Da aka raba su, abin da yaron da ya yi zagin yake ta nanatawa shi ne, "Wallahi wasa nake, ai haka muke yi kullum."

Na yarda wasa yake. Matsalarsa ita ce bai san sunan abin da ya fito daga bakinsa ba. Bahaushe bai zuba muguwar magana a kwando ɗaya ba. Kowace ya raɗa mata suna, kuma sunan ne ke gaya maka nauyinta.

In ka ce wa mutum wawa, sakarai ko jaki, ka zage shi. In ka taɓa iyayensa ko ka ambaci tsiraici, ka bar zagi ka shiga ashar, daƙuwa kuwa ashar ce da hannu. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya lissafa zagin iyaye cikin manyan zunubai. Sahabbai suka yi mamakin yadda mutum zai zagi iyayensa, ya bayyana musu cewa mutum kan zagi uban wani, shi kuma ya rama a kan nasa. To yaron nan na Jekadafari, mahaifiyarsa tana gida tana barci, shi ya ɗauko ta ya kawo ta bakin titi.

Habaici shi ne jifa ba tare da kiran suna ba, mai kaza a aljihu kuma ba ya jimirin "as". Da can sai kishiyoyi a bakin turmi, yanzu ya koma sitatus ɗin WhatsApp, har da maza masu gemu, abin kunya. Zambo na mawaƙa ne: a siffanta mutum, a muzanta halittarsa ko halinsa yadda kowa zai gane shi. Gugar zana da shaguɓe duk 'yan ɗaki ɗaya ne da habaici, ba sai na tsaya a kansu ba.

Gori ne nake so ku ji tsoro. Babu ashar a cikinsa, sau da yawa ma gaskiya ce ake faɗa, shi ya sa ya fi ciwo. "Ba ni na biya maka kuɗin jarrabawa ba?" "Shekara nawa da aurenki, ko ɓari?" "Kai da ubanka ya mutu a gidan haya." Mutum kan manta wanda ya kira shi jaki, amma wanda ya yi masa gorin haihuwa, talauci ko asali, yana iya shiga kabari da shi a zuciya. Kuma abin da ake gori a kansa, mafi yawanci ba mutum ne ya ba kansa ko ya hana kansa ba.

Sai ƙazafi, wanda yau ya zama ruwan sha a bakinmu. Yarinya ta sa hotonta a Facebook, kai ba ka san ko unguwarsu ba, ka rubuta mata "karuwa". Ka san me ka yi? Aya ta 4 a Suratun Nur ta ce wanda ya jefi kamammiyar mace da zina bai kawo shaidu 4 ba, bulala 80 ne, kuma ba a ƙara karɓar shaidarsa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, cire mutum daga nasabar ubansa ma ƙazafi ne. Ku duba kalmar "shege" da muka mayar kirari, wanda ya ci ƙwallo shege, wanda ya iya ɗinki shege. Asalin ma'anarta tana nan ba ta mutu ba, ranar fushi take farkawa. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015: abin da ka rubuta, ko ka goge, wani ya riga ya ɗauki hotonsa.

Za ku ce ai akwai barkwanci. Akwai. Bafulatani da Babarbare suna kiran juna bawa su yi dariya, jika ta ce wa kakanta miji marowaci, taubasai su yi ta tsiya. Amma wannan wasa ne da aka gada, kowa ya san abokin wasansa, kuma ban taɓa jin dattijon Bafulatani ya ashari uwar Babarbare da sunan wasa ba.

Mu a Gombe akwai wata kalmar da ya kamata mu tsare: "arne". Muna zaune da Tangale da Waja da Tera, aji ɗaya, kasuwa ɗaya, wasu ma dangin uwa ne. Maƙwabcinka Kirista ya san ba addininsa kake bayyanawa ba in ka faɗe ta, raini ne. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana mu izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi, mu da junanmu ke nan. Bakin da ya saba da kaushi a waje, a gida ma ba zai yi laushi ba.

Mai shayin nan, dattijo ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce wa yaron, "Ɗana, in wasa ne, je ka maimaita a gaban babarsa." Yaron ya sunkuyar da kai yana wasa da cokali. Ɗayan ya biya kuɗin shayin da bai sha ba, ya ɗauki burodinsa ya tafi. Jiya na sake zama a wurin, har aka tashi bencinsu mutum ɗaya ne a kai.