Ina rukunin ɓerayen da aka mayar wa da sinadarin tayirod?

Abin da aka gabatar jiya a taron nan na Legas ya ɓata mini rai, waɗanda suka halarta sun san wanda nake nufi. An ba ɓeraye PTU, maganin da ke rage aikin tayirod (gaɓar nan da ke gaban wuya), a ruwan sha, kashi 0.05 cikin ɗari, har mako 6, aka yanka hanta, aka ga ta lalace, sai aka tsaya gaban jama'a aka ce raunin tayirod ne ya yi ta. Da wace hujja? PTU shi kansa yana cutar da hanta. Sai ka ware wani rukunin ɓeraye, ka ba su PTU tare da lebotayiroksin, maganin da ke maye gurbin sinadarin tayirod, ka ga ko hantar ta farfaɗo. Idan babu wannan rukunin, ba ka san wanda ya yi ɓarnar ba.

Kada a ce mini TSH (sinadarin da ke zaburar da tayirod) ya hau, T4 (sinadarin da tayirod ke fitarwa) ya sauka. To, ya hau. Wannan ya nuna maganin ya kama tayirod, bai wanke shi daga laifin hanta ba. Kada kuma a ce kuɗi. Wanda ya iya sayen ɓeraye 20 zai iya ware 6.

Raunin tayirod yana taɓa gaɓoɓi da gaske, shi ya sa abin ke ci mini rai. Tayirod ɗin kan kumbura kamar maƙoƙo, ruwan ajiyarsa ya ƙafe. Bugun zuciya ya ragu, ƙoda ta rage tacewa, kitsen jini ya hau. A jariran ɓeraye kuwa rassan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba sa miƙewa yadda ya kamata. Ilimi ne mai amfani ga iyayenmu mata da ke fama da kasala da jin sanyi ba su san dalili ba. Amma ina rukunin lebotayiroksin?

Kitsen hantar ma da ake nunawa, sinadaran alkohol da zailin sun wanke shi tun wajen shirya nama, ramuka kawai suka rage. Sai an daskarar da naman an rina shi da Oil Red O, rinin da ke nuna kitse.