Wutar da maƙwabci zai iya kashewa

Duk sanda aka taso da maganar haɗa kan ƙasashe wajen komawa makamashi mai tsafta, hankalin mutane kan tafi manyan tarukan duniya. Ni kuwa watan Agustan 2023 ne ke faɗo mini a rai.

Bayan sojoji sun hamɓarar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum, Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar saboda takunkumin ECOWAS, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga nan take tafiya. Ina da 'yan uwa a Maraɗi, na san yadda suka ji a jikinsu. Mai ƙanƙara ya rufe shago, tela ya koma keken ƙafa, mai markaɗe yana yawon neman man janareto. Babu ko ɗayansu da ya yi juyin mulki, amma su suka kwana a duhu. Wallahi har yau abin yana ci mini rai.

Abin da ya ɗan rage wa Yamai raɗaɗi shi ne tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30, wadda Faransa da Tarayyar Turai suka zuba wa kuɗi. Sai dai sola tana da iyakarta: rana ta faɗi, wuta ta tafi, batir kuma tsada. Maganin wannan a wurin maƙwabci yake. Da tsakar rana Nijar ta turo mana wutar da zafin Agadas zai iya bayarwa, da daddare wutar madatsun ruwan Kainji da Shiroro ta rama mata. Babban layin da aka tsara daga Birnin Kebbi zuwa Yamai har Wagadugu ai don irin wannan ne. To amma wane shugaba ne zai ɗora asibitocin ƙasarsa a kan wayar da ya san ana iya yankewa ranar da aka saɓa?

Ban wanke ƙasashe masu arziki ba. Afirka ba ta fitar da ya wuce kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya, su ne da bashi a wuyansu. Dala biliyan 100 da suka yi alkawari a 2009 cewa za su riƙa bai wa ƙasashe masu tasowa duk shekara daga 2020 don tunkarar sauyin yanayi, sai a 2022 ta cika, kuma mafi yawa rance ne. A taron sauyin yanayi na Baku a 2024 an nemi dala tiriliyan 1.3 duk shekara, suka tsaya a biliyan 300. Afirka ta Kudu ma da aka yi wa alkawarin biliyan 8.5 don ta rage ƙona kwal, Amurka ta zare hannunta a 2025.

A ci gaba da bin wannan haƙƙi. Amma akwai abin da ba sai mun jira kowa ba: Abuja da Yamai su zauna, ko da Nijar ta fice daga ECOWAS, su rubuta cewa duk rigimar da za ta taso, ba za a sake sa wutar lantarki cikin takunkumi ba.